Kwamfutar da Za Ka Tafi da Ita Zariya

Rogo, Jihar Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga Mijin Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya kai ka Zariya lafiya, Ya tsare ka a mota da masauki, Ya haɗa ka da abokan zama na kirki. Na sa ta a aljihun jakar kwamfuta, inda caja take, domin na san nan za ka fara zuge wa.

Kada tsawonta ya ba ka mamaki. Na sani, tun da aka haife ka ban taɓa yi maka magana mai tsawon rabin shafin nan ba. Kai ne ɗan fari. Ana yaye ka mahaifiyata Inna ta goya ka zuwa Kwanyawa, ka tashi cikin ƙannena kana kirana Adda yadda suke kira. Da ka dawo Rogo karatun sakandare ma ba abin da ya canja. Kana zaune tabarma ɗaya da babanka, ni kuma in tsaya a ƙofar ɗaki in ce, “Malam, a gaya wa yaron nan tuwo na hucewa.” Shi kuma ya juyo ya dube ka, fuska a ɗaure, ya ce, “Yaron nan, an ce tuwo na hucewa.” Ku kwashe da dariya, ni in koma ciki ina danne tawa.

Haka muka tarar ana yi, kuma ban raina shi ba. Sai dai yanzu za ka yi nisa, babanka kuwa ba zai bi ka Zariya ya riƙa isar da saƙo ba. Abin da ke damuna ke nan. In ka tafi a haka, sai mu shekara ina jin labarinka a bakin wasu. Na duba duk abin da na sani, na ga abu ɗaya ne zan iya yi maka doguwar magana a kansa ba tare da kunya ta riƙe mini harshe ba, shi ne kwamfuta. Don haka ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe.

Da farko dai alhamdu lillahi. Bana gidanmu ya ga alheri biyu a jere: ni na karɓo digirina na ilimin kwamfuta bayan shekarun da na yi ina koyarwa a firamare ranakun aiki ina zuwa aji Asabar da Lahadi, kai kuma ka samu gurbin karatun likitancin dabbobi. Ka ga yadda Inna ta yi ranar walima. Ta karɓi hular digirin ta juya ta, ta ce, “Wannan faifan kika yi shekaru kina nema? Da kin faɗa da na saƙa miki mai ado.” Sannan ta nuna ka ta ce, “Mijina ne ya yi karatun hankali. Shi aƙalla saniya za ta gode masa.” Har yau in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai.

Kwamfutar nan ita ta ɗauke ni tun daga shekarar farko har na gama. Babanka ya yi mini kyautar wata sabuwa, don haka wannan taka ce. Tsohuwa ce, ram ɗinta, wato ƙwaƙwalwar aikinta, giga huɗu ne, amma lafiyarta ƙalau, kuma na canja mata batir. Da Windows 10 ta zo. An daina tallafa wa wannan tun watan Oktoba na 2025, ita kuma ba ta cika sharuɗɗan ɗaukar na goma sha ɗaya ba, na duba da kaina. Saboda haka dole ka zaɓa mata babbar manhaja, wato wadda ke farkawa in ka danna maɓalli, ita ke riƙe da allo da sauti da fayil da duk sauran ƙananan manhajoji.

Waɗanda nake so ka zaɓa daga cikinsu dangin Unix ne, kuma buɗaɗɗu ne. Ma’anar buɗaɗɗu ta wuce a ce ba a biya. Masu su sun ba da izini kowa ya ɗauka, ya duba yadda aka gina su, ya gyara, ya ba maƙwabcinsa. Ba kwafin sata ba ne da ake ɗora wa mutane a shago, ba haƙƙin kowa a wuyanka. Wannan shi ya fara kwantar mini da hankali. Bari in daidaita wani abu kuma, don kada a yi maka dariya a makaranta: Linux sunan ƙwayar ciki ne kawai. Mutane daban-daban ke ɗaukar ƙwayar su haɗa mata sauran kaya, sai ka ji Debian, Ubuntu, Mint, Fedora. FreeBSD kuwa ba Linux ba ce, ’yar wani gida ce a cikin dangin.

Na san haka ne bayan na sha wuya, kuma duk wuyar ni na jawo wa kaina.

A shekarata ta biyu kwamfutar ta yi nauyi, na yanke shawarar komawa Linux. A ajinmu ni ce babba, samarin suna ce mini Mama. Wata rana na ji suna cika baki, ɗaya na cewa duk wanda bai iya ɗora wani nau’in Linux mai suna Arch ba bai fara karatun kwamfuta ba. Na tambaye shi mece ce Arch. Ya ce, “A’a Mama, wannan ba taku ba ce. Ke dai a sa miki mai hotuna.” Na ce a raina wallahi sai na ɗora ta. Na dawo gida na sauke ta, na bi umarnin layi bayan layi, na share yinin wata Lahadi da ba mu da aji a kai. Da na gama na kunna, sai baƙin allo da ɗan farin layi yana ƙyafta mini ido. Babu hoto, babu inda zan danna. Babanka ya leƙo ya ce, “To, an gama?” Na ce an gama. Ya ce, “Madalla. Ta yi kyau. Kamar allon makarantarku kafin a yi rubutu.”

Ba laifin Arch ba ne. Haka aka yi ta, don masu son su gina komai da hannunsu, kuma masu ita ba su ɓoye ba. Ni ce na je da girman kai alhali aikin gida ne ke jirana ranar Asabar. Kai ma za ka haɗu da masu cika baki irin waɗannan, ko’ina akwai su. Ka bar su da bakinsu. Ka tambayi kanka abin da za ka yi da kwamfutar: karanta littattafai, rubuta aiki, kallon hotunan cikin saniya da na akuya, sauraron darasi. Wadda za ta yi maka waɗannan ba tare da ta cinye maka yini ba, ita ce taka. In ka samu hutu kana sha’awar koyon Arch ko FreeBSD, ka koya, ilimi ne mai kyau. Amma ba a kan kwamfutar da za ka yi jarrabawa da ita ba.

A wannan Lahadin kuma na yi ɓarnar da ta fi baƙin allo ciwo. Wajen shirya wa Arch wuri sai da na share rumbun kwamfutar gaba ɗaya. Na karanta gargaɗin, na fahimce shi sarai, amma zuciyata ta ce ai na kwafe komai. Takardun makaranta kawai na kwafe. Hotuna duk suka tafi. Akwai naka a ciki da yawa: kana ƙarami riƙe da sandar kiwo da ta fi ka tsawo, ranar saukarka, ranar da ka fara sa farin wandon sakandare. Da na gane, na zauna a tsakar gida ina hawaye. Babanka ya tambaya, na ce aikin makaranta ne ya ɓace. Ya dube ni ya ce, “Aikin makaranta. To.” Kasuwar Rogo ta gaba sai ga shi ya dawo da wayarsa cike. Ashe ya bi kawunnanka ɗaya bayan ɗaya ya karɓo duk hoton da ke wayoyinsu. Ya miƙo mini ya ce, “Ga aikin makarantar. Wani ma ya fi na da kyau.”

Saboda haka, kafin ka taɓa komai, ka kwafe abin da kake so a wuri biyu, sannan ka buɗe kwafin ka gani da idonka yana nan. Kada ka yarda da “ai na kwafe”.

Ka kuma tuna yadda kakanka Baffa yake yi in an kawo sabon irin gyaɗa. Ka fi ni sani, kai ka tashi a gabansa. Duk yadda aka yabi irin, ba ya zuba shi a gona gaba ɗaya. Gefe yake ware masa, wajen bishiyar ɗorawa, ya ga yadda zai yi da ƙasarmu da ruwanmu, sai baɗi ya yanke hukunci. Waɗannan manhajoji sun ba ka damar yin haka. Yawancinsu za ka iya tayar da su daga filashi, ka yi amfani da su, ka kashe, ba su taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba. A ƙaramin aljihun jakar akwai filashi uku, na liƙa wa kowanne suna: Mint, Ubuntu, Debian. In ka tayar da kowanne, ka gwada ko tana kama wayfai, ko sauti na fita, ko tana ganin wayarka in ka haɗa, ko tana farkawa in ka rufe murfi ka buɗe. Daga filashi za ta fi jinkiri kaɗan, kada wannan ya ruɗe ka. Na gwada duka ukun a kanta sun yi, amma ka sake gwadawa. Na fi samun natsuwa in ido biyu suka gani.

Ga abin da na sani game da kowacce, ba ƙari. Debian mai natsuwa ce, sabuwarta na fitowa kusan duk shekara biyu, kayan cikinta sukan ɗan tsufa amma ba ta cika ba mutum mamaki ba. Ubuntu daga Debian aka gina ta, masu amfani da ita suna da yawa, don haka amsar matsala ba ta wuyar samu. In ita ka zaɓa, ka ɗauki mai dogon tallafi, wadda aka rubuta wa LTS, shekara biyar ake kula da ita. Sai dai fuskarta ta asali tana yi wa giga huɗu ɗan nauyi. Mint kuma daga Ubuntu mai dogon tallafin aka gina ta, tsarinta ya yi kama da abin da ka saba gani a makaranta, kuma samfurinta na Xfce ba shi da nauyi. Fedora ma tana da kyau, ban sa maka ita ba ne saboda kusan duk wata shida take sabuwa, kai kuma data ba za ta ishe ka bin ta ba.

Maganar sabuntawa ta tuna mini wata wautar. Wata rana da hantsi a ofishin malamai na ga wuta ta zo, na ce bari in yi babbar sabuntawa. Tsohon batirin a lokacin ba ya riƙe caji ko na shan ruwa. Na san haka. Na kuma san halin wutarmu. Duk da haka na danna. Ana tsakiyar aiki aka ɗauke, kwamfutar ta mutu, da na kunna ta ƙi tashi. Shugabar makarantarmu ta ce, “Malama, ko a kira mai gyara?” Na ce, “Hajiya, ai ni ce mai gyaran.” Duk ofishin aka yi ta dariya har da ni. Na gyara ta, amma sai da na yi gumi. Kada ka fara babbar sabuntawa sai batir ya cika, kuma ba a makon jarrabawa ba. Ƙananan sabuntawa na tsaro kuwa kada ka bari su taru. A cikin Mint akwai wata manhaja, Timeshift, tana adana yadda tsarin yake domin ka koma baya in abu ya lalace. Tsarin take adanawa, ba takardunka ba. Na maimaita: ba takardunka ba.

Sai maganar buga aiki. Da LibreOffice za ka riƙa rubutu, tana buɗe takardun Word tana kuma ajiyewa a irinsu. Amma na taɓa kai babi guda na aikin kammalawata shagon buga takardu a Karaye, aka buɗe a tasu kwamfutar, jadawalin da na jera da kyau ya zame ya hau kan rubutu. Ban duba ba na ce a buga. Malamina ya ɗaga shafin ya ce, “Malama, wannan jadawali ne ko ambaliya?” Tun daga ranar, duk abin da za a buga sai na mai da shi PDF, domin shi ba ya motsi. Ka yi haka. Ka kuma tambayi sashenku tun makon farko ko akwai wata manhajar da dole sai a Windows take aiki. In akwai, kada ka yi musu da malami a kan buɗaɗɗiyar manhaja, ka yi wannan aikin a ɗakin kwamfutar makaranta. Karatu ka je yi, ba wa’azi ba.

Na kusa gamawa. Saura guda, kuma ita ce ta fi duka.

Bayan Arch na koma Mint, sai firintar makarantarmu ta ƙi aiki da ita. Na yi makonni ina fama ni kaɗai, ina jin nauyin tambaya, wai kada a ce Mama ta kasa. Akwai wata ’yar ajinmu, Bilkisu, ’yar Gwangwan, ita ma matar aure ce mai goyo. Rannan a mota muna dawowa na daure na gaya mata. Ta ce, “Haba Yaya! Shi ne kika yi shiru? Ai ni ma Mint ce a tawa.” Washegari ta kira ni a waya, tana jijjiga ɗanta ina jin kukansa, tana cewa, “Duba ƙasa ta hagu. Kin ga alamar? Danna. Yanzu rubuta firinta. Me kika gani?” Abin da ke gabanta shi ke gabana, don haka ko sau ɗaya ba mu ɓata ba. Kafin yaron ya yi shiru takarda ta fito.

A ranar na gane abin da ba a rubuta a littafinmu ba. Duk waɗannan manhajoji suna da kyau. Wadda ta fi maka ita ce wadda mutumin da za ka iya kira yake amfani da ita. In ka je ka tarar abokan ɗakinka duk Ubuntu suke yi, kuma masu taimako ne, ka bi su, ba ka yi kuskure ba. Gaskiyar ilimi ke nan, kuma ba zan karkatar da ita don son raina ba.

Amma tunda na yi alkawari wa kaina ba zan ɓoye komai a takardar nan ba: ni Mint nake amfani da ita. Na san kowane lungu nata. In ka ce mini ga abin da allo ya nuna, ina tsaye a bakin murhu ma zan gaya maka inda za ka danna.

Na kwashe kayana zuwa sabuwar, na share wannan tas. Amma ban so ka tafi da kwamfuta babu komai a ciki ba, don haka shekaranjiya bayan la’asar na zauna na ɗora mata Mint ɗin, na riƙon ƙwarya, kafin ka yanke naka hukuncin. Komai ya tafi daidai. Na zaɓi harshe, na zaɓi lokacin Najeriya, na ƙara maka kibod na Hausa. Sai ta kawo shafin da na manta da shi sam, inda take tambayar sunan mai kwamfutar.

Na zauna ina kallon gurbin. Na rubuta “Yaro”, na goge. Na rubuta “Mijin Inna”, na tuna za ka buɗe ta a gaban abokai a ɗakin karatu, na goge. Na ɗauke ta na kai wa babanka a zaure, yana gyaran buhunan gyaɗa. Na ce, “Malam, ga wani wuri nan a cike mini.”

Ya leƙa ya karanta. Ya ce, “Ni da ko kunna ta ban iya ba?”

Na ce, “Haruffa ne kawai. Zan nuna maka.”

Ya ce, “Hannuna duk ƙasa.”

Na ce, “Ga buta.”

Ya yi dariya har ya zauna a kan buhu. Ya ce, “Shekara nawa ina yi miki ɗan aike ba ko sisin lada? Yau na ajiye aiki. Mai digiri ke ce. Ba a ce ki faɗa ba, cewa aka yi ki rubuta. Ni zan juya baya.”

Ya kuwa juya baya, yana ta waƙarsa ƙasa-ƙasa. Na tsaya a zauren nan da kwamfuta a hannu ɗaya. Na duba ƙofa ko wani na zuwa. Sannan na rubuta, da yatsa ɗaya, kamar ranar da na fara taɓa kibod. Na duba ko na yi kuskure, ban yi ba. Na danna ci gaba.

Ba abin da ya faru. Rufin zaure bai faɗo ba. Da ta gama ta tashi, sai ga sunan a tsakiyar allo, sunan da na zaɓa da kaina tun kana ciki, na raɗa wa babanka ya kai wa liman. Daga shekaranjiya zuwa yau na kunna ta ya fi a ƙirga. Babanka ya ce batirin zan kashe. Na ce gwaji nake yi.

Don haka in ka buɗe ka gani, ka sani ba shi ya rubuta ba. Ni ce.

Kalmar sirrin tana bayan takardar nan, ka canja ta da zarar ka shiga, kada ka ba kowa, ko ni. In ka gwada filashin ka ga wata ta fi maka, ka ɗora ta, kada ka ji komai. Za ta goge abin da na rubuta, amma in ka zo hutu sai ka kawo in sake rubutawa. Hannuna ya saba yanzu.

In kuma ta ba ka matsala, ko sauti ya ɗauke, ko wayfai ya ƙi, ko ba abin da ya lalace kana dai so ka tabbatar, kada ka kira babanka ka ce a gaya wa Adda. Ya ajiye aiki, za ka ji daga bakinsa in ka tambaye shi. Lambata tana wayarka. Ka kira ni kai tsaye. Zan ɗauka, kuma zan amsa da kaina.

Ka riƙe salla a kan lokacinta. Ka ci abinci kafin ka shiga aji. Ka riƙa kiran Inna, in ba haka ba za ta ce ka yi mata saki. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya buɗa maka ƙirji, Ya sa dabbobin mutane su warke a hannunka. Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya, Ya yi maka albarka duniya da lahira. Amin.

Wassalamu alaikum.

Wadda kake kira Adda,
Mahaifiyarka.